Na gyara mata rubutu, yanzu ni ce mai laifi

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Tun ranar Laraba ban yi barcin kirki ba. Ina aiki a wani shagon buga katin biki da kalanda a nan Kano, shekara uku ke nan, mu huɗu ne a kan kwamfuta. Ni Hausa na karanta a jami'a, kuma malaminmu ba ya yafe ƙugiya ko ɗaya, ki rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ya zagaye ta da jan biro. Shi ya sa idona ba ya iya tsallake kuskure. Tun taron Bamako na 1966 aka zauna kan ƙa'idojin rubutun Hausa, aka sake zama a Yamai a 1980, amma a shagonmu kamar ba a taɓa yi ba. "Yazo", "nagode", "zamuje", duk a manne kamar an liƙa da gam.

To, wata a cikinmu ta buga katin ɗaurin aure guda 500, ta rubuta "manyan baki". Baki fa, Anti! Kuma a jerin har da hakimi. Da na gani sai na ɗauki hoto na tura rukuninmu na WhatsApp, na ce "su wa ke da manyan bakunan nan?" Wallahi da wasa na yi. Na manta Oga yana cikin rukunin. Ko da yake, tsakani da Allah, ban manta sosai ba.

Ai kafin nan na sha yi mata magana a keɓe. Na nuna mata yadda za ta riƙa samo ƙ da ɗ da ɓ a kwamfutar, aikin minti biyar. Ta taɓe baki ta ce wai ai kowa ya gane. Ita dama haka take, ga girman kai ga zuwa a makare, ta wuni tana latsa waya.

Oga ya ce a sake bugawa, a cire kuɗin takarda daga albashinta. Ta yi kuka a bayan shago. Yanzu in na shigo sai a ce "ga Farfesa nan", ko awarar da muke haɗa kuɗi mu saya da rana an daina kirana. Shekaranjiya wani ya tono kalandar da na yi bara, inda na rubuta "Alhamsi", ya manna ta a bango. Wannan ai tuntuɓen yatsa ne, ba ɗaya yake da rashin sani ba.

Af, ban gaya miki ba. Yayanta ne yake nemana da aure, ta hanyarta ma muka haɗu, har an sa rana bayan Babbar Sallah. Kwana huɗu bai kira ba. Jiya ya turo saƙo: "zamuyi magana". Haka a manne, Anti, kuma na danne zuciyata ban gyara ba.

Umma ta ce in je gidansu in ba da haƙuri. In ce me? Ai "baƙi" ake rubutawa. Shin in mayar mata da kuɗin da aka yanke a ɓoye, ko hakan zai zama na amsa laifi ne? Sannan katin bikinmu, tun tuni ya ce ita za ta buga mana.

Taki,
mai sauraro daga Kano