Furen Rawaya Mai Kan Bushiya: Yadda Ake Gane Shi da Shuka Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi bayani a kan wani fure da nake shukawa a bayan gidana a jihar Misuri ta Amurka, saboda na lura 'yan uwa da yawa da suke zuwa nan suna ɗaukar duk wani fure mai ruwan ɗorawa a matsayin abu ɗaya, har wasu suna sayen irin da ba shi suke nufi ba.

Masana tsirrai suna kiransa Echinacea paradoxa. Kalmar farko ta samo asali ne daga sunan bushiya a harshen Girka, ta biyu kuwa tana nuna mamaki, domin danginsa, waɗanda ba su wuce kusan goma ba, furanninsu shunayya ne ko ruwan hoda, shi kaɗai ya fita daban da rawaya. Asalinsa tuddan Ozark ne na Misuri da Arkansas, inda yake fitowa a fili mai rana, a kan irin dutsen da ake yin siminti da shi.

A ganina, hannu ya fi ido saurin gane shi. Idan mutum ya dafa ƙullutun da ke tsakiyar furen, wanda launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, zai ji tsini kamar ya taɓa bayan bushiya. Ganyensa siriri ne, dogo, mai santsi, ba a tsattsage yake ba, ganyayyakin furen kuma suna sunkuyawa ƙasa, tsayinsa bai cika wuce santimita 90 ba. Wanda aka fi rikita shi da shi, wato Ratibida pinnata, ya fi shi tsawo, ganyensa a tsattsage yake, kansa toka-toka ne, kuma idan aka murza shi yana ba da ƙamshi. Akwai kuma dangin Rudbeckia, waɗanda su ma ake rikita shi da su. Wanda aka fi gani a cikinsu ganyensa gashi-gashi ne, kansa kuma ba ya suka.

Wajen shuka ne aka fi yin kuskure, ni ma na yi. Shekarar farko na watsa irin bayan sanyi ya wuce, kaɗan ne ƙwarai suka tsiro, domin irin yana bukatar ya kwana cikin sanyi da danshi kafin ya farka. Ko dai a shuka shi gab da shigowar hunturu a bar dusar ƙanƙara ta yi aikinta, ko a cuɗa shi da yashi mai laima a ajiye a firiji wata ɗaya zuwa biyu. Bayan ya tsiro ma sai an yi haƙuri, don shekarar farko ganye kawai yake yi yana zurfafa saiwarsa, wadda guda ce doguwa kamar ta karas, fure kuwa sai shekara ta biyu ko ta uku, wajen watan Yuni. Wannan saiwar ce take sa ya jure fari ya kuma dawo kowace shekara, ita ce kuma take sa ba ya son a cire shi a sake masa wuri. Yawan ban ruwa da ƙasa mai riƙe ruwa suna ruɓar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tone saiwar danginsa a daji domin sayarwa a matsayin maganin mura, alhali wannan na rawaya a yanki ƙalilan yake fitowa. Mai sha'awarsa ya nemi iri, ya duba sunan Latin a jikin takardar kafin ya biya kuɗi, idan kuma furen ya bushe ya bar kawunan a tsaye, domin tsuntsaye suna cin 'ya'yan a lokacin sanyi.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga jihar Misuri, Amurka