Fansho a Hannun Kamfanoni: Amsa ga Malamin da Ya Yi Tambaya a Rediyo

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyo ka tambaye ni: in jiha ta cire fansho daga baitulmali ta miƙa wa kamfanoni, an rabu da layin tsofaffi a ƙofar ofis ke nan? Lokaci ya ƙure mana, ga amsata.

Ba a rabu ba. Abin da ke sauyawa shi ne wanda zai ɗauki asara. A tsohon tsari gwamnati ce ta yi maka alkawarin adadi bisa albashinka na ƙarshe da shekarun aiki. In kuɗi suka gaza, bashi ne a wuyanta. A sabon tsari, wanda Chile ta fara a 1981 zamanin mulkin soja na Pinochet, Najeriya kuma ta kwaikwaya a dokar 2004, abin da ya taru a asusunka shi ne rabonka. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10. In ainihin albashinka da kuɗin gida da na mota suka kai N100,000, N18,000 ke shiga duk wata. Kamfani ɗaya ke juya kuɗin, wani daban ke ajiye su, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Wannan rabon aiki na yaba masa, domin ya rage sa hannu a lalitar tsofaffi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar ƙaura. Tsohon bashi ba ya gushewa don an sa hannu a doka. Jiha za ta ci gaba da biyan waɗanda suka riga suka yi ritaya, ta zuba kason masu aiki a asusunsu, sannan ta biya haƙƙin shekarun da suka yi kafin sauyi. Kaya uku a kai ɗaya. Wannan na ukun ne ya sa ma'aikatan tarayya da dama suka yi watanni bayan ritaya ba ko sisi, saboda ba a fara biya sai gwamnati ta sako kasonta. Nauyin ƙaura yana cikin abin da ya sa Hungary ta ja da baya a 2010. Ajantina kuwa tun 2008 ta ƙwace asusan.

Sai tsadar kaya. Fiye da rabin kuɗin fanshon Najeriya rance ne ga gwamnatin tarayya, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Lambar asusu na girma, buhun shinkafar da za ta saya na raguwa.

A Chile kanta, kashi 10 da ma'aikaci ke zubawa bai wadatar ba. A 2008 aka ƙara tallafin gwamnati ga marasa ƙarfi, a 2016 jama'a suka cika tituna suna zanga-zanga. Abin lura, sojojin da suka kawo tsarin ba su shige shi ba, namu ma sun fice a 2011.

Don haka kafin ƙungiyarku ta amince, ku nemi ƙwararrun lissafin fansho su fitar da adadin tsohon bashi a rubuce, a buɗe masa asusun da za a riƙa cirewa kai tsaye daga kason jiha. A kuma rubuta mafi ƙarancin fansho da tarar jinkiri. Dokar tarayya kwana 7 na aiki ta bayar a zuba kuɗin bayan biyan albashi, tara kuma aƙalla kashi 2 duk wata.

Wassalam.