Godiya ga wani kantin magani a Jekadafari

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ga wani kantin magani da ke Jekadafari a Gombe, musamman ga 'yar'uwarmu mai sayar da magani da yamma. Malama, Allah ya saka miki da alheri.

Mai hawan jinin ido, wato cutar da nauyin ruwan cikin ido ke lalata gani, ya san yadda ake yi a wasu wuraren. Da ya ce jikinsa na ciwo, sai a ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar, babu suna babu kwali. Idan da deksametason ko firedinisolon a ciki, ciwon jiki zai lafa, amma nauyin ruwan ido ya riƙa hauhawa a ɓoye, timolol ɗin da ake ɗigawa safe da dare ya tashi a banza. Ganin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Ke ba kya miƙa komai sai kin tambaya: "Baba, wane magani kake ɗigawa? Likita ya haɗa maka da ƙwaya?" Parasitamol kike fara bayarwa, mai miligiram 500, biyu a lokaci guda, a bar awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce takwas a kwana ɗaya. Wanda ke shan Diamox, ƙwayar rage nauyin ruwan ido, kina hana shi yawan asfirin, domin haɗuwarsu na iya zama guba a jiki. Ibuprofen ma sai kin ji lafiyar ƙoda da batun gyambon ciki.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda kike lura da maganin mura. Yawancinsa akwai parasitamol a ciki, sai mutum ya sha ninki bai sani ba. Sinadarin da ke busar da majina kuma yana buɗe ƙwayar ido, ya toshe hanyar ruwa ga wanda tasa ƙuntatacciya ce. Mutum nawa ne ke karanta bayan kwali?

Idan aka zo miki da jan ido mai zafi, da ciwon kai da amai, ana ganin zobe kewaye da fitila, ba kya sayar da komai. Asibitin Koyarwa na Tarayya kike turawa nan take, kina kallon kuɗin a hannunsa ba ki karɓa ba.

A wani kantin kuwa, yaron da ko sunan magani bai iya karantawa ba shi aka bar wa kanta, maigidan ya tafi kasuwa. Ka yi masa tambaya, sai ya ce kowa ma shi yake sha.