Zuwa ga ƙanina, daga birnin Ferrara na ƙasar Italiya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Inna da Baba da yara duk suna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da hazon da ya lulluɓe garin nan.

Ka tambaye ni mai zanen da ya kamata ka sani, tunda hannunka ya fara faɗawa. To, ga Giorgio de Chirico. A Girka aka haife shi a 1888, ya yi karatu a Jamus, ya zauna a Faris, sannan yaƙin duniya na farko ya kawo shi nan Ferrara da kakin soja a 1915. Ka ga shi ma baƙo ne a garin.

A nan ya riƙa zana hotunan cikin ɗakuna, kuma su ne suka tsaya mini a rai. Ɗaki ne matsattse, daɓensa ya karkata, an cusa masa rula da ma'auni mai kusurwa uku da taswira, ga biskit a jere kan allo, ga hoton masana'anta a cikin hoton. Babu mutum ko ɗaya, in ma akwai to mutum-mutumin tela ne marar fuska. Kowane abu an zana shi tsaf, ka san sunansa, amma ba ka san abin da ya haɗa su ba. Haka mafarki yake zuwa. Biskit ɗin a shagunan tsohuwar unguwar Yahudawa ya gan su, inda nake bi in zan tafi aiki. Kayan awon kuwa ana danganta su da mahaifinsa, injiniyan hanyar jirgin ƙasa, wanda ya rasu a 1905.

Wasu na ɗaukar zanen kamar kacici-kacici, sai sun fassara kowane abu. Ban yarda da su ba. Duk wanda ya kwana a ɗakin haya a ƙasar wasu, da kayan gida da na nan a wuri guda, ya san abin da mutumin nan ya gani.

Zan aiko maka da hotunan ta waya. Ka gwada zana ɗakin Inna babu kowa a ciki, ka turo mini.

Ka gaida kowa da kowa. A sa mu a addu'a.

Yayanka.