"Ki yi haƙuri" ba amsa ba ce, ya masu kamfani

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili.

Ɗiyar yayata ce ke aikin sakatariya a wani kamfani nan Yamai, wata 8 kenan shef ɗinta ya hana ta sakat, yau ya ce ta tsaya bayan an tashi wai akwai takardu, gobe saƙon WhatsApp ƙarfe 11 na dare, da ta ƙi ba shi fuska sai ya koma yi mata tsawa gaban mutane wai ba ta iya komi ba. Ta daure ta je wajen mai kamfanin, kun san mi ya ce mata? "Ɗiyata ki yi haƙuri, haka halinshi yake." Shi kenan fa. Kafin azahar maganar ta kai kunnen shef.

To in ya san halinshi, don mi ya bar mashi 'ya'yan mutane a hannu? Ni wallahi na fi ganin laifin mai kamfanin, shi ya ɗauki mutumin, shi ke biyan shi. Kuma ba alfarma muke roƙo ba, dokar aiki ta Nijar mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta hana shugaba ya yi amfani da muƙaminshi yana neman ma'aikaciya da lalata. A 2019 ma ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fito da yarjejeniya ta 190 kan cin zarafi a wurin aiki, maƙwabciyarmu Najeriya ta amince da ita tun 2022.

Abin da ake so bai da wuya. A rubuta hanin nan cikin dokar kamfani a manna a bango, a sa wani amintacce da za a kai ma kuka, ba ta hannun shi wanda ake ƙara ba, a yi bincike a rufa ma mai ƙara asiri, kar gobe a ce aikinta ya ƙare. Mai ɗaukar jika 42 a wata, ga haya ga ƙanne, ina za ta samu bakin magana in ba ta da wannan tabbaci? Balle 'yan aikin gida da yaran shago da ba su da ko takardar aiki.

'Yan sandika, wato ƙungiyoyin ma'aikata, ku ma muna jiran ku, ba maganar albashi kaɗai ba. Ran Litinin in sha Allah ni zan raka ta wajen insifektan aiki da saƙonnin nan duka a wayarta.

Wani kawu daga Bukoki, Yamai