Masu zaman dirshan a cikin teku

Mutumina,

Salamu alaikum. Ya Legas, ya zafi, ya iyali? Mu nan Jos sanyi ya sauko sosai, ruwan alwalar asuba ma sai an ɗora a wuta.

Wani abu ne ya tsaya min a rai. Makon jiya ina koya wa 'yan aji huɗu bayoloji muka zo kan kalmar nan sesail, wato halittar da ba ta iya tashi daga inda take da kanta, in ta manne a dutse ko gindin jirgi shikenan nan za ta rayu har ta mutu. Ina cikin bayani sai wani yaro daga baya ya ce "Malam ashe guragu ne", aji ya kwashe da dariya, ga kuma wata yarinya a layin gaba da shan inna ya taɓa mata ƙafa, ina kallo ta sunkuyar da kai. Wallahi ban ji daɗi ba.

Na ajiye alli na ce musu kalmar daga Latin take, asalinta zama kawai take nufi, babu ciwo babu nakasa a ciki, haka Allah ya tsara su. Murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya dabba ce ta gina shi tana zaune wuri ɗaya, a Ostireliya danginta sun yi gini a teku mai tsawon sama da kilomita 2,300. Soson teku shi ma dabba ne, ruwa yake ja ta ƙananan ƙofofi ya tace abincinsa. Amma wanda ya fi burge ni barnakul, yana ƙarami iyo yake yi abinsa, in ya samu wuri sai ya liƙa kansa a dutse, ya kewaye jikinsa da ɓawo mai tauri, ya riƙa miƙo ƙafafu yana sharo abinci daga ruwa. Darwin, Baturen nan masanin halittu, sai da ya yi shekara 8 yana nazarinsu, ka ji fa.

Da aka tashi yarinyar ta biyo ni tana tambaya ko zan nuna mata barnakul na gaske, ba zanen littafi ba. To mu ina muka ga teku a Filato? Don Allah in ka je bakin ruwa ka duba ƙafafun gada ko gindin kwale-kwale, za ka gan su farare kamar ƙananan tukwane, ka ɗauko min hoto ko bidiyo ka turo ta WhatsApp kafin Litinin, na riga na yi mata alkawari.

A gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka na Jos