Zuwa ga Yaya, daga Serdang, Maleshiya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Na turo kuɗi ta hannun mutumin da ka sani. Na maganinta ne da cikon kuɗin makarantar Auta. Kada ko sisi ya shiga hannun Kawu, ko da ya ce rance ne.

Na ji maganar da ake yaɗawa, wai na watsar da karatu na koma aikin kamfanin madara a Maleshiya. Gwaggo ce ta ga hoton da na turo ko? Wallahi abin ya ɓata min rai. Wannan madarar ai ita ce binciken nawa. Akwai sukarin da ke cikin madara, laktos, wanda ke kumbura wa wasu ciki. Wani sinadari mai suna laktes, cikin dangin enzayim, shi ke farfasa shi. Yana da tsada, in kuma ka zuba shi kai tsaye ya bi madarar, shi ke nan ka yi asararsa. Don haka sai mu ɗaure shi. Ina kwaɓa shi da aljinet, wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, in riƙa ɗiga shi da sirinji cikin ruwan kalsiyam. Kowane ɗigo nan take ya daskare kamar ƙwan kifi. Sai a jera su cikin bututu, madara ta ratsa ta fito, su kuwa suna nan. A wanke, gobe a sake. A ɗaure, laktes ɗin ya fi jure zafi, ya fi daɗewa.

Amma ɗaurin na rage masa hanzari, don sai sukarin ya kutsa ciki kafin su haɗu. In ƙwallayen suka yi girma, na tsakiya zaman banza yake yi. In kwaɓin ya yi ruwa, ya sulale ya fice. Daidaita wannan ne ke hana ni barci. Tun 1969 Japanawa suke amfani da irin wannan dabara a masana'anta, ka gaya wa Gwaggo ba tallar nono nake yi ba.

Ni lafiyata ƙalau. Ruwan sama kusan kullum da yamma, shinkafa safe da dare. Tallafin karatu ya ɗan makara, amma ana lallaɓawa, kada ka gaya wa Inna. Na san ni ya kamata in riƙa kai ta asibiti, na bar maka komai. Allah Ya saka maka.

Auta kuma, an ce yana kaiwa dare a majalisa. Ka ja masa kunne. Kuɗin makarantar ka biya da hannunka, ka turo min hoton rasit. In wani zai taho, a ba shi kuka da daddawa da yaji.

A gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙaninka.